Ranar da Muka Kai Soseji Jakara

A gaban wani mai shawarma gardamar ta tashi, can bakin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, daren wata Laraba da muka fito daga gwajin da ya wujijjiga mu. Mu biyar ne, maza uku mata biyu, kuɗinmu kuwa bai wuce na shawarma uku ba, sai muka ce a raba kowacce gida biyu. Ɗaya daga cikinmu, wanda muke kira Sarkin Gardama saboda ko ce masa aka yi yau Juma'a sai ya nemi hujja, ya zaro jan abin nan mai kama da yatsa daga cikin rabonsa, ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ya ce shi fa har gobe bai yarda wannan nama ba ne. Wane irin nama ne ba jijiya, ba kitse, ba tsoka, sumul kamar sabulu?

Wadda ta tanka masa 'yar aji uku ce mai karanta kimiyyar abinci. Malama muke ce mata, don ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Ta ce nama ne, niƙa shi aka yi har ya koma kamar ƙullun ƙosai, aka haɗa da gishiri da ƙanƙara da kayan ƙamshi, aka ɗura a wata siririyar riga mai kama da leda, aka dafa, aka turara da hayaƙi, sannan aka zare rigar aka yar. Amma fa, in ji ta, wannan na gama-gari ne. Wanda masu abin suke tinƙaho da shi zallar naman sa ne a cikin hanjin tunkiya, da hanjin ake cinye shi, ya fi tsada, kuma in ka gatsa sai ka ji ya ce ɗas.

"Hanji?" in ji Sarkin Gardama. "Hanjin da ake ba mu gyara in mun sayi balangu?"

"Shi fa."

Daga baya mun bi diddigin maganar, mun tarar ba ta yi ƙari ba. Jamusawa ne suka tafi da irin wannan soseji Amurka a ƙarni na 19, kuma tsofaffin sunayensa guda biyu daga garuruwa aka samo su, Frankfurt ta Jamus da Vienna ta Ostiriya. A Amurka ne ya yi suna a cikin tsagaggen burodi, a can kuma aka laƙaba masa sunan barkwanci, hot dog, wato zazzafan kare, sunan da ya ƙara wa Sarkin Gardama ƙarfin gwiwa har na kwana biyu. Na zallar naman sa ya samu gindin zama ne a hannun Yahudawan New York da Chicago, waɗanda su ma ba sa cin alade. A 1916 wani daga cikinsu, Nathan Handwerker, ya kafa 'yar rumfa a bakin teku a Coney Island yana sayar da guda a kan senti 5, rabin farashin tsohon ubangidansa, kuma har yau ana kasuwanci da sunansa. Rigar nan da ake zarewa kuwa sai a 1925 wani mutumin Chicago mai suna Erwin Freund ya fito da ita, masana'antu suka rungume ta saboda hanji yana da wuyar sha'ani: sai an wanke, an kankare, an tantance kauri, ga shi ba ya zuwa bai ɗaya. Tun daga nan mai hanji ya koma na masu son daɗin baki da ƙarin kuɗi.

Duk wannan hayaniya da ake yi a gaban mai shawarma, mutum ɗaya bai ce uffan ba. Shekara biyu muna tare da shi. Mun san daga Jakara yake zuwa kullum, mun san ya ce mahaifinsa ɗan kasuwa ne a Kurmi, iyakar saninmu ke nan. Sai da muka doshi titi ya ce, idonsa a ƙasa, in da gaske muna so mu gwada, babansa zai iya yi mana. Mahauci ne, yana da tukuba a unguwarsu.

Ba wanda ya yi dariya, amma an yi ɗan jim. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da zai sa saurayi ya yi shekara biyu yana kewaye-kewaye a kan wannan. Kowa na son tsire, amma har yanzu akwai gidajen da in ɗan mahauci ya aiko neman aure sai ka ji an fara kame-kame, wai yarinya karatu za ta yi. Malama ce ta fitar da mu, ta tambaye shi ko Baba zai samo mana ƙaramin hanjin rago na yankan ranar Juma'a, a wanke shi, a jiƙa a ruwan gishiri ya kwana.

Ranar Asabar da hantsi muka cika adaidaita biyu, muka bi ta Kabuga da Tal'udu muka ɓulla Mandawari, aka sauke mu a bakin Kasuwar Kurmi. Hunturu ne, hazo ya rufe Dala har ba a ganin kansa sosai. A jakar Malama akwai fakitin sosejin kanti na naman sa, naɗe da tawul da ƙanƙarar fiya wata guda uku. Uku daga cikinmu, abin kunya, haifaffun Kano ne amma ba su taɓa ratsa Kurmi da ƙafa ba. Ɗan Jakara ya shige gaba, muka bi shi cikin lungunan da mutum biyu ba sa jerawa: nan warin jima da jan fata na dukawa, can linzami da sirdi da kayan hawan salla, gaba kaɗan kanwa da jar kanwa jibge kamar duwatsu, sai masu littattafan addini, sai turaren wuta da ya bi mu har muka fita. Tafiyarsa ma ta sauya. A makaranta mutum ne mai raɓe-raɓe, a nan kuwa kowane lungu sai an kira shi, wani ya tambayi Baba, wani ya tambayi karatu. A wajen 'yan koli muka sayi sabon mazurari ƙarami na roba da zaren ɗinki.

Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma sunanta daga Jakara ta samo shi. Tarihin Kano ya nuna cewa kafin Musulunci ya kafu wurin kurmi ne mai duhuwa da ya kewaye wani baƙin ruwa, mutanen Barbushe suna girmama shi. Kurmin ya tafi tuntuni, ya bar wa kasuwa suna. Baƙin ruwan yana nan, sai dai baƙinsa na yanzu ba na inuwar itatuwa ba ne. Tun gwamnatin Kwankwaso ta biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin ɗaure rafin da kankare a shimfiɗa titi a kansa, wanda ake kira Wuju-Wuju. Mun tsaya a wani wuri da ruwan ke bayyane. Leda ce fal, da robobi, da wari mai hawa kai. Daga nan yake gangarawa ta Fagge, ya karɓi ruwan wankin Abbatuwa, ya wuce ta wajen Sabon Gari, a gaba ya haɗu da ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai ta Minjibir. A hanya masu lambu suna jan sa da inji suna ba latas da kabeji da karas. Sarkin Gardama ya ce to kabejin da za a yanka mana anjima fa? Ba wanda ya amsa masa. Malama dai ta ce za ta wanke da gishiri da kanta, kuma ta wanke.

In an ce Jakara a Kano, gurasa ce take fara zuwa ran mutum, ita da maƙwabciyarta Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Tunda hot dog ba ya cika sai da burodi, mun yanke shawarar cewa namu da gurasa za a ci. Ɗan Jakara ya kai mu gidan gwaggonsa. Muka tsaya a soro ya shiga ya yi mana iso, muka jiyo muryarta tana cewa, "Su shigo mana, ai duk 'ya'yana ne."

Tsakar gidan zafi rau duk da sanyin gari. Tanderu huɗu ne a jere, manyan tukwanen ƙasa da aka girke aka lulluɓe da yumɓu. Ana zuba kara a ciki ya ci ya zama garwashi, cikin tukunyar ya ɗau zafi, sai Gwaggo ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsuro kwaɓin da ya kumbura, ta faɗaɗa shi a tafi, ta zura hannu har kafaɗa ta manna a jikin tanderu. Kafin ka ƙirga goma ta manna biyar. Aka rufe, ba a jima ba aka buɗe, ta ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, bayansu ya yi ja, fuskarsu fari da ɗigon ƙuna. Gashin hannunta na dama duk ya ƙone, fatar ta yi santsi. Ta ce tun kafin asuba suke tashi, kuma gurasar da muke gani a kwanduna a bakin asibiti da tasha da ƙofar makarantu, da yawanta daga irin waɗannan gidaje take fita. Kalmar gurasa da ta tanderu duk daga Larabci suka zo, abin da ba zai ba da mamaki ba ga unguwar da ke jifa ɗaya da inda fataken Larabawa suka zauna shekaru aru-aru. Ta ba mu goma masu zafi ta hana mu biya. Da muka gaya mata abin da za mu yi da su, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Yanzu boko har ya kai ga hanji?"

Rumfar Baba ba ta da nisa. Teburi ne mai katako da sara ya cinye tsakiyarsa, ƙugiyoyi, wuƙaƙe uku, da tukuba a gefe, tudun toka mai rami a tsakiya wanda ya ce ya girmi ɗansa. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa yana kallon ɗansa, kamar yana son ya gane me ya sa sai yau.

"Sannunku da zuwa, samari. 'Yan mata, sannunku. Wace ce malamar?"

Ya jawo roba daga ƙarƙashin teburi. Hanjin yana ciki, fari fes, ya kwana a ruwan gishiri kamar yadda aka ce. Da ya fara warware shi sai da yaronsa ya ja ƙarshen ya fita rumfar ya kai bakin masallaci. Ƙaramin hanjin rago yakan haura mita 20. Wankin hanji ba baƙon Baba ba ne, ya yi shekara fiye da talatin yana yi, yana kitsa shi yana gasawa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne kankarewa. Malama ta shimfiɗa guntu a kan faranti, ta juya cokali ta bayansa, ta fara turawa a hankali. Wani abu mai yauƙi ya riƙa fita ta ƙarshen, har abin da ya rage ya zama siriri shara-shara, kana hango zanen farantin ta cikinsa. Ta ce hanji hawa-hawa ne, kuma hawa ɗaya tak ake so, na tsakiya, shi ne mai ƙarfi da talewa. Sau biyu tana huda shi. Baba ya kalla, ya kalla, ya ce, "Kawo nan, 'yata." Ya ɗauki bayan wuƙa. Abin da ta yi minti goma tana fama da shi ya gama kafin ta goge hannu, kuma bai huda ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga shi ga rana, ya hura masa iska ya kumbura, ya yi murmushi ya ce hanjin jimina ke nan, akwai na ci akwai na zubarwa.

Naman da kansa ya zaɓa, cinya da ɗan ƙirji, ya ƙara tozo har kitsen ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar. Aka kai wa mai inji ya niƙa sau biyu. Aka zuba gishiri, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa da barkono kaɗan, ba ƙuli. Malama ta farfasa ƙanƙararta ta zuba, ta ce a yi ta cuɗawa har ya yi danƙo, kuma kada a bari ya ɗumama, in ba haka ba kitsen zai rabu da tsoka a wuta. Hannun Ɗan Jakara ne ya yi wannan aiki. Mun lura bai tambayi inda komai yake ba.

Muna cikin ɗurawa, ɗaya na riƙe da mazurari, ɗaya na tura nama da babban yatsa, ɗaya na tallafe da hanjin, sai mai karanta tarihi a cikinmu ya tuna mana da wani Bature. Hugh Clapperton, mutumin Scotland, ya shigo Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya zaga wannan kasuwa da fadamar da ke gefenta. Ya ba da labarin masu gashi kusa da mahauta, wuta a tsakiya, tsinkaye kewaye da ita, an jera tsoka da kitse bi da bi, kuma ya yaba tsaftar wurin. Wato tukubar da ke gabanmu, shekara 200 ke nan ba ta sauya fasali ba. Abu ɗaya ya bambanta: a wurin da ya gani, mace ce take raba wa masu ci. Ya kuma ce mahautan Kano ba su da wasa, wasunsu har gashin tunkiya suke liƙa wa cinyar akuya don ta wuce a matsayin ta rago. Mun yi shakkar faɗin wannan a gaban Baba, amma da ya ji sai ya yi dariya har da tari.

"Ai ba ƙarya ya yi ba. Kowace sana'a da ɓata-garinta. Shi ya sa mai saye yake zuwa da idonsa."

Bayan la'asar muka samu guda goma sha huɗu, an murɗe tsakaninsu an ɗaure da zare, wasu ƙato wasu ƙanana kamar 'ya'yan gida ɗaya da ba uwa ɗaya ba. Nan aka sake gardama, wannan karon tsakanin Baba da Malama. Ita ta ce sai an fara sulala su a ruwan zafin da bai tafasa ba. Shi ya ce naman gashi ba ya shiga ruwa. Aka raba bakwai-bakwai. Nasa ya soke su a tsinke ya kafa a bakin wuta inda yake kafa tsire. Ba a yi minti uku ba na farko ya ce fus, ya tsage daga sama har ƙasa, mai ya tsiyaye cikin toka, wuta ta tashi. Na biyu ya bi shi. Baba bai ce komai ba. Ya tumɓuke sauran ya mayar da su can baya inda zafin ke da sauƙi, ya tsattsaga musu 'yan ƙofofi da bakin tsinke, ya riƙa juya su kamar mai jinya. Biyar ɗin suka tsira. Na Malama ba wanda ya fashe, amma da aka gasa su ba su kai nasa ƙamshi ba, kuma ta yarda da bakinta.

Abu huɗu aka jera a tire: sosejin kanti da aka ɗumama a tukuba, namu na hanji, tsiren Baba, da kitsattsen hanjin da ya saba gasawa. Ga gurasar Gwaggo an yayyafa mata ruwa an ɗan kara ta a wuta, ga albasa, kabeji da yaji. Mun so mu rufe ido irin na masu bincike, sai muka ga wahalar banza ce, makaho ma ba zai ruɗe ba. Alƙalai su ne mu biyar, da yaran Baba biyu, da wani tsohon tela maƙwabcinsa da ya zo kallo.

Na kanti dai laushi ne lugub tun daga farko har ƙarshe. Haƙori yana shiga ba tare da ya gamu da komai ba. Gishiri ne yake fara isa, sai ƙamshin hayaƙi, sai wani ɗan zaƙi a ƙarshe, kuma gatsa na biyar daidai yake da na farko. Wannan ba aibi ba ne ga kowa. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu, wadda ta tashi a Kaduna tana cin sa da Indomie kafin ta tafi makaranta, ta ce ita shi ta zaɓa, don ba ya ba ta mamaki, ba za ta ci karo da guringuntsi ko jijiya ba. A cikin gurasa da yaji ya yi daɗi fiye da yadda muka zata. Baba ya yanka shi a tsaye, ya duba, ya shinshina, ya tambayi Malama wane yanki ne na jikin sa. Ta ce ai haɗawa ake yi, duka ne. Ya ce, "To ai duka ba yanki ba ne." Ya tauna, ya ce ba laifi, zai yi wa wanda ya zubar da haƙora.

Namu na hanji muni gare shi. Ba ja ba ne, toka-toka ne da ƙuna a gefe, don ba mu sa gishirin naitirait ɗin da masana'antu ke sawa ba, wanda shi ke ba soseji launin nan yana kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma da Sarkin Gardama ya gatsa, mu da ke gefensa mun ji ƙarar. Fatar ta ɗan yi gardama, ta tale, sannan ta fashe ɗas, romo mai zafi ya fantsamo masa har gaban riga. Ya yi tsalle yana fifita baki, bai kuma ajiye gurasar ba. Abin da muka gane a nan shi ne, hanjin kansa kusan ba shi da wani ɗanɗano bayan an kankare shi. Aikinsa riƙo ne. Yana tsare mai da ruwan naman a ciki har su dahu tare da citta da masoro, yana barin hayaƙi ya ratsa, kuma wuta tana busar da shi ya yi ƙaras. Gurasar ta shanye abin da ya zubo, ba a yi asarar ɗigo ba. Cikinsa dai bai yi santsin na kanti ba, yana ɗan wargajewa, saboda injin unguwa ba ya niƙa kamar na masana'anta kuma ƙanƙararmu ta narke da wuri. Wasunmu sun ce hakan ya fi, ka san nama kake ci.

Tsiren Baba kuwa tsire ne. Ƙulin ya gasu ya kama jikin naman, man gyaɗa yana ƙyalli, ƙamshinsa ya danne na kowa. In ana maganar hanci, shi ya ci. Rauninsa ɗaya, da ya huce sai ya fara tauri, alhali na hanji ya daɗe da ɗuminsa da laushinsa. Kitsattsen hanjin, wanda bai sha kankara ba, daban yake gaba ɗaya: kitse, danƙo, da ɗan ɗacin nan da masoyansa ke nema. Tela ya ce shi duk sauran wasan yara ne.

Da aka ƙirga, na hanji ya samu uku, tsire uku, na kanti ɗaya, tela yana nan a kan bakansa. Sarkin Gardama ya nemi a sake zaɓe.

Baba bai shiga ƙuri'a ba. Ya ci rabin guda a tsaye, ya daɗe yana kallon inda man na farko ya tsiyaye a toka, ya ce, "Shekara talatin tukubar nan tana shanye mini mai. Ashe ɗaure shi ake yi." Muka ce to ai sai ya fara sayarwa, ga 'yan makaranta, ga masu shawarma. Ya girgiza kai. Ya ce na farko, aikin guda goma sha huɗu ya cinye mana wuni, a wannan lokacin ya soke tsire ɗari. Na biyu, niƙaƙƙen nama ba ya jira, in babu firji da tsayayyar wuta, abin da ka niƙa da rana kafin dare ya zama guba, shi kuwa ba zai kwantar da 'ya'yan mutane a asibiti ba. Na uku shi ne babba: mutumin Kano ba ya sayen naman da bai ga fuskarsa ba. Yana zuwa ya nuna da yatsa, ban wancan, cire mini kitsen nan, ƙara hanta. In ka niƙa ka ɗura a hanji, me zai nuna? Sai dai ya sayi amanarka.

Malama ta ce ai Turawan ma da haka suka fara. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya tona irin ƙazantar da ake niƙawa cikin soseji a mahautan Chicago, hankalin jama'a ya tashi, a shekarar aka kafa dokar duba nama a Amurka. A 2013 kuma aka gano naman doki a cikin kayan da aka sayar da sunan naman sa a ƙasashen Turai da dama. Shi ya sa takardar jikin fakiti take da muhimmanci, ta ce, musamman ga 'yan uwanmu masu tafiya karatu waje: a rubuta naman sa zalla ba ya nufin rigar ma ta sa ce ko ta tunkiya, domin sosejin da ya fi kauri galibi a hanjin alade ake ɗura shi. A duba abin da aka ce game da rigar, a duba tambarin halal. Ta ƙara da cewa a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama irin wannan cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji in an mayar da shi abincin kullum. Sarkin Gardama ya fara murna, ta ce kada ya yi sauri, naman da ya ƙone baƙi ƙirin a wuta shi ma ba waliyyi ba ne.

Kafin magariba masu saye suka fara taruwa, ɗaya daga yaran Baba kuma ya tafi sayo gawayi bai dawo ba. Ba wanda ya ce wa Ɗan Jakara komai. Ya cire agogonsa ya ba mu riƙo, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wuƙa. Yadda yake zare tsire daga tsinke, ya yayyanka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda da hannu ɗaya yana karɓar kuɗi da ɗayan, ba aikin wanda ya koya jiya ba ne. Wani mai saye ya ce masa, "A'a, ɗan jami'a, yau kai ne da kanka?" Ya ce, "Ni ne, Alhaji. Ga abokan karatuna can." Ya nuna mu da wuƙar.

Guda biyu ne suka rage a bayan tukuba, Baba ya ce a ajiye wa Gwaggo. Muna sallama sai wani mai babur ya tsaya, ya sayi tsire, idonsa ya faɗa kansu. Ya tambaya mene ne wannan. Aka gaya masa naman sa ne a hanjin rago, yau aka yi, a nan. Ya ce nawa ne guda?

Baba ya buɗe baki zai ce ba na sayarwa ba ne, sai ya fasa, ya juya ya kalli ɗansa.

"Kai ka cuɗa. Nawa ne?"